Malam Cripps da Majigin da ya Ɓata

Duk wanda ya taɓa zama a dandali bayan sallar lisha, aka kafa farin ƙyalle, aka ta da inji, ya ga mutane suna kai da kawowa a jikin ƙyallen nan kamar a miƙa hannu a taɓa su, ya san abin da a ke kira majigi. In an gama sai a naɗe ƙyalle, a mai da faifai cikin gwangwaninsa, kowa ya kama hanyar gida. Ba safai wani ya kan tsaya ya tambayi inda gwangwanin nan za shi ba, balle wanda zai adana shi. To, labarin da za mu ba ka yanzu na wani malami ne na ƙasar Amurka wanda ya ƙare kwanakinsa wajen bin sawun irin waɗannan gwangwanaye. Sunansa Thomas Cripps.

An haife shi a shekarar 1932 a Baltimo, wani babban gari na bakin teku a jihar Maryland. Bature ne. Zamanin da ya taso, garin a rabe ya ke: makarantar Turawa dabam, ta baƙar fata dabam, haka gidajen cin abinci, haka gidajen silima. Ya yi karatun koyarwa a kwalejin horon malamai ta Towson, daga nan ya wuce Jami'ar Maryland ya karanta tarihi, har ya sami digirin dakta a 1967. Tun kafin wannan, a 1961, ya kama aikin koyarwa a kwalejin Morgan, nan cikin garinsu, bai kuwa bar ta ba sai da ya yi ritaya a 1996.

Morgan makarantar baƙar fata ce. An kafa ta a 1867, watau shekara biyu bayan an hana bauta a Amurka, domin 'ya'yan waɗanda aka 'yanta su sami inda za su yi ilmi. Sa'ad da Cripps ya zo, shugaban sashen tarihi wani baƙin mutum ne mai zurfin sani, Benjamin Quarles, wanda ya rubuta littafi a kan baƙar fatar da suka yi yaƙin neman mulkin kan Amurka. Ka ga ashe baƙon malamin ya faɗo gidan da a ke ɗaukar tarihin baƙar fata da nauyi, alhali kuwa manyan jami'o'in Turawa na lokacin ba su cika waiwayarsa ba.

Kusa da kwalejin akwai wani gidan silima da a ke kira Northwood, wanda ba ya sayar wa baƙin mutum tikiti. Ɗalibai sun yi shekaru suna tsayuwa a ƙofarsa suna nuna ƙin yarda. Ran nan cikin watan Fabrairu na 1963 suka ɗaura aniya, suka riƙa zuwa ayari ayari, suna shiga layi, suna ƙin tashi. 'Yan sanda suka yi ta kamu, har aka tsare ɗaruruwan ɗalibai, maza da mata, kurkuku ya cika. Da masu gidan suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai suka buɗe ƙofa ga kowa. Malamin da ya ga ɗaliban makarantarsa sun kwana a kurkuku saboda kujerar kallon majigi, ba sai an gaya masa majigi ya wuce wasan yara ba.

A cikin wannan shekara ta 1963 aka buga wata maƙala tasa a mujallar masana tarihi, a kan yadda baƙar fata suka karɓi wani majigi mai suna The Birth of a Nation, watau haihuwar al'umma. Dole mu ɗan dakata a nan, gama wanda bai san wannan majigi ba ba zai gane sauran labarin ba.

Wani Bature D. W. Griffith ya shirya shi a 1915. Tsawonsa wajen awa uku, kuma wajen gwaninta ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Labarin yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, da abin da ya biyo baya. Amma fa an karkatar da labarin. An nuna bayin da aka 'yanta kamar mashaya, marasa hankali, masu farautar matan Turawa. Manyan 'yan wasan da suka fito a matsayin baƙar fata ma Turawa ne aka shafa musu baƙi a fuska. Jaruman labarin kuwa su ne 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu lulluɓe fuska da farin ƙyalle suna kashe baƙar fata da dare. An nuna shi har a fadar Shugaba Woodrow Wilson. Kafin shekarar ta ƙare, ƙungiyar nan da ta daɗe da mutuwa ta sake tashi a jihar Jojiya.

Abin da Cripps ya bincika shi ne abin da baƙar fata suka yi. Ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyarsu ta NAACP, wadda aka kafa a 1909, ta bi gari gari tana neman a hana nuna shi, ko a yanke wuraren da suka fi muni. A Boston wani ɗan jarida, William Monroe Trotter, ya ja taron jama'a har ƙofar gidan silima, aka kama shi. Ba su sami hana majigin ba, sai a wurare kaɗan. Amma daga nan waɗansu suka ce, tun da ba za a toshe bakin wani ba, bari mu ma mu buɗe namu. A 1916 wani ɗan wasa, Noble Johnson, da abokansa suka kafa kamfanin Lincoln domin yin majigin da zai nuna baƙin mutum da mutuncinsa. Ƙanensa George, ma'aikacin gidan waya a garin Omaha, shi ke kula da rarraba faifai. Daga wannan lokaci zuwa wajen 1950 an yi majigi kimanin 500 domin 'yan kallo baƙar fata, ana nuna su a gidajen silima na unguwanninsu, da majami'u, da makarantu.

To, ina su ke? Nan fa ɗaya. Waɗanda suka rage ba su kai 100 ba.

Dalili kuwa, faifan majigi na dā, har zuwa wajen 1950, da wani sinadari a ke yinsa mai suna naitiret, dangin albarushi ne. In ya kama wuta ko an tsoma shi a ruwa ba ya mutuwa. In kuwa ya tsira daga wuta, aka ajiye shi wurin zafi, sai ya yi danƙo, ya yi ɗoyi, daga bisani ya zama gari. Manyan kamfanoni masu ɗakunan ajiya ma sun yi hasara: a 1937 gobara ta cinye ma'ajin kamfanin Fox a jihar New Jersey. Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya yi ƙidaya a 2013, ya tarar majigi marasa magana da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin 100 sun salwanta. In haka ta sami masu kuɗi, yaya talakan kamfani wanda ke buga kwafi uku ko huɗu, ya yi ta yawo da su daga gari zuwa gari har su tsuttsinke?

Saboda haka mai son rubuta tarihin majigin baƙar fata kamar maharbi ne da ya iso bayan nama ya wuce, sai bin sawu. Cripps ya bi sawun ta hanyar da masana tarihi su ke bi. Ya zauna ya karance tsofaffin jaridun baƙar fata, irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier da Afro-American ta garinsu, yana tsintar talla da sharhi. Ya buɗe wasiƙun NAACP da ke ajiye a birnin Washintin. Ya duba takardun kamfanoni da na hukumomin tace majigi, waɗanda su kan rubuta dalla dalla abin da suka ce a yanke. Sau da yawa takardar wanda ya hana majigi ita kaɗai ce shaidar abin da ke cikinsa. George Johnson, ma'aikacin gidan wayan nan, ya shekara hamsin yana tara guntayen jaridu da hotuna, aka ajiye su a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles. Su ma Cripps ya amfana da su. Sa'an nan ya bi tsofaffin 'yan wasa da marubuta har gidajensu, ya yi hira da su tun suna da rai. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin takarda ta kan jira, tsoho ba ya jira.

A zamanin nan malaman tarihi da yawa ba su ɗauki majigi a bakin komai ba. A ganinsu tarihi shi ne yaƙi, da zaɓe, da dokoki. Shi kansa Cripps littafin digirinsa a kan siyasar jam'iyya ya rubuta shi. Amma ya ga abin da miliyoyin mutane ke kallo kowane mako shi ke koya musu wane ne mutum, wane ne ba mutum ba, tun kafin su je rumfar zaɓe.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ya tona, a wata maƙala ta 1970, shi ne hujjar da masu kamfanonin Holiwud su kan fake da ita. In aka ce musu don me kullum baƙin mutum sai bara, ko kuku, ko wawa mai zare ido, sai su ce ai ba laifinsu ba ne, Turawan Kudu ne ba za su sayi tikiti ba in aka nuna shi da daraja. Cripps ya nuna cewa an zuzuta wannan tsoro ya wuce gaskiyarsa, kasuwar Kudu ba ta kai girman da a ke ba ta ba. Watau dai an sami bango ne a ke jingina da shi.

A 1975 ya rubuta wani shiri na talabijin a kan wannan tarihi, Black Shadows on a Silver Screen, wanda ɗan wasan nan Ossie Davis ya karanta. Shekara biyu bayan haka, a 1977, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da babban littafinsa, Slow Fade to Black, wanda ya ɗauko labarin daga 1900 ya kawo 1942. Ba shi kaɗai ke noman wannan gona ba. Donald Bogle, baƙin marubuci, ya riga shi fitar da littafi a 1973, inda ya rarrabe irin rigunan da Holiwud ta ɗinka wa baƙar fata, ya kuma nuna yadda gwanayen 'yan wasa su kan sa rigar wulakanci su fito da mutuncinsu a ciki. Littafin Bogle ya fi daɗin karatu. Na Cripps ya fi nauyi, cike ya ke da sunaye da shekaru, wani wuri har ya kan gaji da mai karatu. Amma wanda ke son sanin wa ya ba da kuɗi, wa ya rubuta wa wa wasiƙa, wa ya sa aka yanke, wurin Cripps za shi.

Cikin mutanen da littafin ya yi magana a kansu akwai Paul Robeson, mawaƙi mai babbar murya, wanda labarinsa ya taɓo ƙasarmu. A 1935 ya fito a wani majigin Ingila mai suna Sanders of the River, labarin wani jami'in mulkin mallaka a Nijeriya. Robeson ya karɓi aikin yana tsammani za a nuna al'adun Afirka da kyau. Da aka gama haɗawa sai ya tarar an mai da shi yabon mulkin Turawa, ya yi baƙin ciki, ya ce ba shi ba majigin. Akwai kuma Hattie McDaniel, wadda a 1940 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci lambar Oscar, saboda fitowa a matsayin baiwa a Gone with the Wind. Ranar da aka ba ta lambar, a wani ƙaramin tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta Turawa.

Amma wanda ya fi kowa jawo gardama shi ne Oscar Micheaux, ana faɗin sunan Misho. An haife shi a 1884 a jihar Illinois, ya yi aikin hidima a jirgin ƙasa, ya tara kuɗi, ya tafi Dakota ta Kudu ya yi noma cikin Turawa. Da gona ta ƙi, sai ya rubuta labarin kansa, ya riƙa bin gida gida yana sayar da littafin. A 1919 ya mai da shi majigi. Daga nan har 1948 ya yi majigi wajen 40, shi ke rubutawa, shi ke shiryawa, shi ke ɗaukar faifai a mota yana tallansa. Ya mutu a 1951, aka manta da shi.

Sa'ad da Cripps ke rubuta littafinsa, galibin abin da ya rage na Micheaux na ƙarshen rayuwarsa ne, lokacin da kuɗi suka ƙare masa: haske ba daidai ba, 'yan wasa na tuntuɓe da magana, ba halin a sake ɗauka. Cripps ya yaba ƙoƙarinsa, amma bai ɓoye cewa yana ganin aikin da rauni ba. Ra'ayinsa gaba ɗaya shi ne, ƙananan kamfanonin nan ba su da jarin da za su yi tsayayya da Holiwud, canji na ainihi sai an matsa wa Holiwud ɗin kanta.

Sai ga wani abin mamaki. A ƙarshen shekarun 1970, a ma'ajin majigi na ƙasar Sifen da ke birnin Madrid, aka sami wani tsohon faifai mai suna La Negra, watau baƙar mace. Cripps ya je ya kalla, ya gane shi: Within Our Gates ne, majigin Micheaux na 1920, wanda kowa ya fid da tsammaninsa. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, shi ne wannan.

Ga abin da ke ciki. Wata malama ce, Sylvia, ta tafi Arewa neman taimako domin makarantar 'ya'yan talakawa baƙar fata da ke shirin rufewa a Kudu. Can wajen ƙarshe sai a koma baya a nuna asalinta. Wanda ya riƙe ta manomi ne mai noma gonar wani Bature ana raba amfani. Da yarinyar ta yi makaranta, sai ta riƙa rubuta masa lissafin abin da ya ci bashi da abin da ya biya, domin kada a cuce shi ranar rabo. Mai karatu da ya koyi biro da girmansa ya san abin da wannan ke nufi. Mai gona bai ji daɗi ba. Ranar lissafi wani Bature da shi ma aka cuta ya harbe mai gonar ta taga, aka ɗora wa manomin, jama'ar Turawa suka fito har da mata da yara kamar masu zuwa biki, suka rataye shi da matarsa. Ana cikin haka ɗan'uwan mai gonar ya tare Sylvia a ɗaki zai yi mata fin ƙarfi, sai ya ga wani tabo a ƙirjinta, ya gane 'yarsa ce ta cikinsa.

Ka duba, duk abin da Griffith ya ɗora wa baƙin mutum, Micheaux ya ɗauka ya mayar wa mai shi. Kuma ya yi haka 'yan watanni bayan tarzomar Shikago ta 1919, wadda aka kashe mutum 38 a cikinta, har hukumar tace majigi ta garin ta yi ta jan ƙafa kafin ta yarda a nuna.

Da aka komo da faifan Amurka sai wata wahala ta taso. Majigi marar magana, rubutu a ke sakawa tsakanin hotuna domin a san abin da a ke faɗi. Na wannan kwafi an juya shi da Sifananci tun tuni, na Ingilishin ya ɓata, sai 'yan kaɗan da suka tsira. Dole aka sake juya shi daga Sifananci, ana duba littattafan Micheaux domin a kwaikwayi irin bakinsa. Ɗakin Karatu na Majalisa ya gama gyaran a 1993. An kuma sami wani majigin nasa na 1920 a ƙasar Beljiyam. Duk da haka, cikin majiginsa marasa magana fiye da 20, uku kaɗai ke hannu.

Da masana suka ga waɗannan, sai hukunci ya soma juyawa. Pearl Bowser, wata baƙar mace ta Harlem wadda ta daɗe tana tara majigin nan tana yawo da su, ta rubuta littafi a kan Micheaux tare da Louise Spence. Wani malami, J. Ronald Green, ya fito fili ya ce Cripps ya auna Micheaux da mudun Holiwud, alhali mutumin ba hatsin Holiwud ya kawo kasuwa ba. Wanda ke gaya wa mutanensa gaskiya da kuɗi kaɗan, ba a tambayarsa ina adon masu kuɗi. A 1993 aka buga maganar Green da ta Cripps cikin littafi ɗaya, wanda Manthia Diawara, haifaffen Bamako mai koyarwa a New York, ya tattara. A ganinmu Green ya fi gaskiya a kan Micheaux. Sai dai babbar shaidar da aka kafa a kan Cripps, shi da kansa ya gano ta a Madrid.

A wannan shekara ta 1993 littafinsa na biyu a kan tarihin ya fito, Making Movies Black, wanda ya ɗora daga inda na farko ya tsaya. A nan ne ra'ayinsa ya fi ƙarfi. Da Amurka ta shiga yaƙin Hitila, sai ta ga da kunya ta ce tana yaƙi da wariyar jinsi a Turai alhali tana yi a gida, ga shi kuma tana bukatar sojoji baƙar fata. Walter White, shugaban NAACP, ya ga ƙofa, ya tafi Holiwud a 1942 ya zauna da masu kamfanoni, suka yi alkawarin gyara. A 1944 rundunar soja da kanta ta fitar da majigi mai suna The Negro Soldier, wanda wani baƙin marubuci, Carlton Moss, ya rubuta, aka riƙa nuna wa sabbin sojoji, fari da baƙi, ko da ya ke barikinsu a rabe su ke a lokacin. A 1949 aka yi majigi huɗu a jere a kan wariya. Daga nan hanya ta miƙe har zuwa 1964, da Sidney Poitier ya ci lambar Oscar ta babban ɗan wasa. Cripps ya nuna cewa ba tausayi ya kawo wannan ba, bukatar yaƙi ce ta gamu da mutanen da suka shekara talatin suna buga ƙofa. Waɗansu sun ce ya cika kyautata wa Holiwud zato, domin baƙin da ta soma nunawa da daraja shi kaɗai ne cikin taron Turawa, ba shi da gida, ba shi da dangi. Wannan suka ma tana da ƙafa.

Bayan ya bar aiki ya fitar da wani littafi a 1997 a kan Holiwud kafin zuwan talabijin. Ya rasu a 2018, yana da shekara 86. Takardunsa, da wasiƙu, da hirarrakin da ya yi da tsofaffin nan, suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Duke a jihar Karolina ta Arewa, inda ɗalibai ke zuwa su buɗe. Majigin Sylvia kuwa an sa shi cikin jerin majigin da gwamnatin Amurka ta ɗauki alkawarin adanawa tun 1992, an kuma ɗora shi a intanet, mai waya a hannu yana iya kallonsa daga farko har ƙarshe.